Tsakanin Sarki Nikolas da Lenin: wa ya kashe ƙuri'ar Rashawa a 1917?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a wancan zaren wani ya ce wai Rashawa a jininsu yake, ba su san komai ba sai mulkin danniya, daga hannun sarki sai na Lenin, daga nan sai Stalin. Ban tanka a can ba saboda maganar farashin mai ake yi. Amma akwai wata takwas a shekarar 1917 da wannan magana ta haɗiye, su nake so mu tono.

Ran 8 ga Maris matan da ke aiki a masaƙun Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, suka fito titi suna neman burodi. Ma'aikatan sauran masana'antu suka mara musu baya, sojojin da aka turo su tarwatsa su kuma, bayan kwana huɗu, suka juya suka shige cikinsu. Ran 15 ga wata Sarki Nikolas na Biyu ya yi murabus a cikin jirgin ƙasa a garin Pskov. Ya bar wa ƙanensa Mikhail gadon, shi kuwa washegari ya ce ba zai hau ba sai in majalisar da jama'a suka zaɓa ce ta ba shi. Nan sarautar gidan Romanov ta ƙare bayan shekara 304. Ranakun da nake kawowa da kalandar da muke amfani da ita ne. Tasu ta lokacin tana baya da kwana 13, shi ya sa suke kiransa juyin Fabrairu.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta masu sassaucin ra'ayi ce ta karɓa. Basarake Georgy Lvov ne shugaba, Pavel Milyukov, masanin tarihi kuma jagoran jam'iyyar Kadet, ya riƙe harkokin waje, lauya Aleksandr Kerensky ya riƙe shari'a. Cikin 'yan makonni suka saki fursunonin siyasa, suka sakar wa jaridu mara, suka halatta taro da yajin aiki, suka soke hukuncin kisa, suka share duk dokokin da ke ware mutum saboda addininsa ko ƙabilarsa. Kafin damina ta fita sun ba duk mace da ta kai shekara 20 ƙuri'a. A Ingila sai 1918, nan ma sai mai shekara 30. Amurka 1920. Faransa sai 1944. Lenin da kansa, da ya dawo daga gudun hijira a Afrilu, ya rubuta cewa a cikin ƙasashen da ke yaƙi babu wadda ta kai Rasha 'yanci.

Ni a ganina wannan tafiya tana da hujja, kuma ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba, kashe ta aka yi. Bismillah.

Kwamared Isiya:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka jero kayan ado ka bar tuwo. Matan nan da ka ce sun fito, jarida suka fito nema? Burodi suka ce. Manomi gona yake so, soja kuma gida yake so ya koma. Kusan mutum miliyan 15 aka kwasa aka kai yaƙi tun 1914, akasarinsu 'ya'yan manoma. Cikin abu ukun nan wanne gwamnatinka ta bayar? Ko ɗaya.

Sannan wa ya zaɓe su? Ba ni na fara wannan tambaya ba. A fadar Tauride, ranar da Milyukov ke shelar sunayen ministoci, daga cikin taro aka jefo masa ita, ya ce juyin juya halin Rasha ne ya zaɓe su. Gaskiyar magana daga majalisar Duma suka fito, wadda aka zaɓa da dokar 1907, dokar da ta sa ƙuri'ar mai gandu ɗaya ta rinjayi ta ɗaruruwan manoma. Ministan kuɗinsu, Tereshchenko, hamshaƙin mai kamfanonin sukari ne. Su ne za su raba wa talaka gona?

Barista Hauwa:
Kwamared, sannu da ƙoƙari, amma kar ka yi musu kuɗin goro. Jam'iyyar Kadet tun kafa ta a 1905 tana da shirin karɓar filayen manyan masu gandaye a raba wa manoma. Inda suka sha bamban da 'yan gurguzu shi ne diyya: su sun ce a biya mai fili, waɗancan sun ce ko sisi. Kuma a 1906, da sarki ya rushe Duma ta farko bayan kwana 72, 'yan majalisar nan ne suka tsallaka garin Vyborg suka kira jama'a su daina biyan haraji su daina ba da 'ya'yansu soja. An ɗaure su, an haramta musu takara. Ba 'yan amshin shatan fada ba ne.

Abin da ya hana su raba gona a Maris ƙa'ida ce, kuma ni a matsayina na lauya ina ganin girmanta. Cewa suka yi mu ba zaɓaɓɓu ba ne, don haka ba mu da hurumin yanke manyan al'amura: mallakar ƙasa, tsarin mulki, matsayin ƙabilu. Duk wannan na majalisar tsara kundin mulki ne da kowa zai zaɓa. Wato tambayar da ka ce an jefa wa Milyukov, su ma sun yarda da nauyinta. Sau nawa ka ga mutum ya tsinci mulki a ƙasa ya ce ba nawa ba ne, ajiya ce?

Kwamared Isiya:
To ajiyar ta kwana nawa, Barista? Mai ajiyar gaskiya ai sauri yake ya miƙa.

Barista Hauwa:
Nan kam ka sami wurin kamu. Kwamitin rubuta dokar zaɓe bai fara zama ba sai farkon Yuni. Aka sa zaɓe ƙarshen Satumba, aka sake ɗage shi zuwa 25 ga Nuwamba. Lauyoyi ne suka cika kwamitin, Fyodor Kokoshkin ke shugabanta, suna son dokar da ba ta da tabo: yadda sojan da ke filin daga zai yi zaɓe, yadda makiyayin Kazak zai yi, wa zai rubuta rajista tunda an kori 'yan sandan sarki da gwamnoninsa. Dokar ta fito da kyau ƙwarai. Sai dai ta fito a makare. Jamusawa da nasu sarkin ya sauka ran 9 ga Nuwamba 1918, ran 19 ga Janairu 1919 sun riga sun jefa ƙuri'a. Mako goma.

Malam Habu:
Haka ne, amma a tuna Jamus ta yi nata zaɓen bayan an tsagaita wuta. Rasha da yaƙi a wuyanta take shirya nata.

Baba Injiniya:
Salamu alaikum yara. Na daɗe ban sa baki a nan ba, amma wannan ta taɓo ni. A Tarayyar Sobiyet na yi karatu a shekarun 1980, kuma duk ɗalibi, baƙo ko ɗan gida, injiniya ko likita, sai ya zauna darasin tarihin jam'iyyar kwaminis. Abin da aka koya mana shi ne juyin Fabrairu na 'yan jari-hujja ne, share fage kawai, na gaskiyar shi ne na Oktoba. Kadet kuwa in an ambace su, to zagi ne zai biyo baya. Sai zamanin Gorbachev jaridu suka fara fito da abin da aka binne, har malamanmu suna bin layi su sayi mujalla.

Abin da nake so Habu ya ƙara a lissafinsa shi ne gwamnatin nan ba ita kaɗai ce a gari ba. A cikin fadar Tauride ɗin nan, ɓangare guda 'yan Duma, ɗaya ɓangaren majalisar wakilan ma'aikata da sojoji, wato Sobiyet. Tun ran 14 ga Maris, gwamnati ba ta ma kafu ba, Sobiyet ta fitar da Umarni na Ɗaya: kowace runduna ta zaɓi kwamiti, makamai su koma hannun kwamitin ba hannun hafsoshi ba, kuma umarnin Duma sai in bai saɓa wa na Sobiyet ba za a bi. Ministan yaƙi Guchkov ya rubuta wa Janar Alekseyev cewa gwamnati ba ta da wani iko na gaske, sojoji da jiragen ƙasa da gidan waya duk suna hannun Sobiyet, kuma za ta rayu ne iya lokacin da Sobiyet ta ga dama. Wannan fa a makonsu na farko.

Saboda haka Isiya, in ka ce ba su yi kaza ba, ka tambaya ko da sun ce a yi, wa zai yi.

Kwamared Isiya:
Ranka ya daɗe Baba, na ji. Amma akwai abin da yake hannunsu ɗari bisa ɗari, shi ne bakinsu. Wa ya tilasta wa Milyukov ya aika wa Ingila da Faransa wasiƙa ran 1 ga Mayu cewa Rasha za ta yi yaƙi har sai an ci nasara, kuma tana nan kan duk alkawuran da sarki ya ɗauka? Cikin alkawuran nan har da yarjejeniyar sirri ta 1915 da aka ce in an ci Turkiyya, Santambul da mashigin ruwanta na Rasha ne. Har laƙabi aka yi wa Milyukov da Dardanelles, sunan mashigin, saboda kwaɗayin wurin. Ɗan manomin da ke kwance cikin rami ƙafarsa na ruɓewa, me ya haɗa shi da Santambul? Wasiƙar na fitowa sojoji suka cika titi da bindigogi, cikin mako biyu Milyukov da Guchkov suka sauka.

Duk da haka ba a ɗauki darasi ba. Ran 1 ga Yuli Kerensky, lokacin yana ministan yaƙi, ya tura runduna farmaki a Galisiya. Aka ɗan ci gaba na 'yan kwanaki, Jamusawa suka juyo, runduna ta watse. Me aka yi? Aka dawo da hukuncin kisa a filin daga. Wanda Malam ya yi mana alfahari da sokewarsa, wata huɗu kawai ya yi a soke.

Alhaji Sabi'u:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma abin da na fahimta kamar kasuwa ne. Mai saye ya zo da buƙata a matse, ka ce masa kayanka masu kyau ne amma ya dawo wata mai zuwa. Na kusa da kai ya ce ga nawa yanzu. Ko jabu ne ai can zai tafi, sai ya isa gida ya gane.

Kwamared Isiya:
Alhaji ka ce jabu, amma daren da Bolshebik, jam'iyyar Lenin, suka karɓi mulki, 7 ga Nuwamba, kafin a kwana biyu sun fitar da dokar sulhu da dokar ƙasa. Manomi ya sami gonarsa.

Baba Injiniya:
Ya samu, ɗana, na ɗan lokaci. Dokar ƙasar ma ba tasu ba ce, daga takardun buƙatu 242 na manoma da jam'iyyar SR ta 'yan gurguzun karkara ta tattara suka kwafo, Lenin bai ma ɓoye ba. Kafin shekara ta zagayo an fara tura 'yan bindiga ƙauyuka suna kwashe hatsi. Manoman Tambov suka yi tawaye a 1920, aka murƙushe su. Yunwar 1921 zuwa 1922 ta ci mutum wajen miliyan 5. Daga 1929 Stalin ya karɓe gonakin gaba ɗaya ya mai da su na gandun gwamnati. Sulhun kuma, a Brest-Litovsk aka sa hannu a Maris 1918 aka sallama Yukiren da Polan da ƙasashen Baltik, sannan aka faɗa yaƙin basasa da ya fi na Jamus ɗin cin rayukan Rashawa.

Ustaz Nura:
Allah ya gafarta Malam Habu, ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare da ba a cika ambata ba. Daular nan tana da Musulmi kusan miliyan 14 a ƙidayar 1897: Tatar, Bashkir, Kazak, mutanen Turkistan, na Kaukasus, na Kirimiya. Shekara ɗaya kafin juyin, a 1916, an zubar da jininsu sosai a Asiya ta Tsakiya da suka ƙi a kwashe su aikin ƙarfi na yaƙi. To ku duba abin da suka yi da 'yancin wata takwas ɗin nan.

A watan Mayu 1917 wakilai wajen 900 suka taru a Mosko, babban taron Musulmin Rasha na farko. Suka yi muhawara kan ko a zauna ƙasa ɗaya dunƙulalliya kowa da 'yancin addininsa da harshensa, ko a yi tarayya kowane yanki da gwamnatinsa. Aka kaɗa ƙuri'a, masu son tarayya suka ci da 446, ɗaya ɓangaren 271. Muftin da a da sarki ke naɗawa, su suka zaɓi nasu da kansu, Galimjan Barudi. Har suka zaɓi mace, Malama Mukhlisa Bubi, cikin alƙalan hukumar addini da ke Ufa. Ba kowa ya yarda da matsayar taron kan mata ba, malamai da dama sun yi tir. Amma ku ga yadda suka yi adawar: a Tashkent malaman gargajiya suka kafa ƙungiyarsu, suka shiga zaɓen majalisar birni, suka kayar da 'yan zamani da ƙuri'a.

Duk mai cewa mutanen wannan daula ba su iya shawara ba, ya karanta wannan.

Nafi:
Ustaz, to ina aka kwana da su?

Ustaz Nura:
Ƙanwata, ba daɗi. Musulmin Turkistan suka kafa gwamnatin cin gashin kai a Kokand a ƙarshen 1917. A Fabrairu 1918 dakarun Sobiyet ta Tashkent suka afka wa garin, suka ƙona shi, dubbai suka mutu. Muftin Kirimiya, Noman Chelebijihan, sojojin ruwa suka kashe shi a Sevastopol a wannan watan. Azarbaijan ta yi jamhuriya mai majalisa daga Mayu 1918, ta ba mata ƙuri'a, Jar Runduna, wato sojojin Bolshebik, ta haɗiye ta a Afrilu 1920. Malama Bubi an harbe ta a 1937.

Amma don adalci, Kadet ma ba su kyauta ba. Tun Duma ta farko 'yan majalisa Musulmi da su suke tafiya. Da aka zo maganar tarayya sai suka noƙe, su dai Rasha ɗaya ba a raba ta. Jagoran Kazak, Alikhan Bukeikhanov, ɗan jam'iyyarsu ne na shekaru, a 1917 ya fice ya kafa jam'iyyar Alash. Ministocin Kadet kuma a Yuli suka yi murabus don an ba Yukiren ɗan ƙwarya-ƙwaryan iko. Ga kuma maganar cin Santambul da Kwamared ya kawo, ka san yadda za ta sauka a kunnen Musulmi a lokacin da Halifa ke zaune a can.

Malam Habu:
Allah ya saka, Ustaz. Yanzu bari in zo kan abin da na fi dogara da shi, wato zaɓen kansa. An yi shi daga 25 ga Nuwamba, Bolshebik na kan mulki, ƙasa a hargitse, sanyi ya shigo. Mutum sama da miliyan 40 suka fito. Ƙasar da a ƙidayar 1897 mutum ɗaya cikin biyar ne ya iya karatu. Ba a taɓa zaɓe mai girman wannan ba a duniya kafin ranar. Jam'iyyar SR, ta 'yan gurguzun karkara, ta sami wajen kashi 40 cikin 100. Bolshebik kusan kashi 24. Wato uku cikin huɗu na masu zaɓe ba Lenin suka zaɓa ba.

Kuma wannan ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1864 akwai majalisun ƙananan hukumomi da suke kira zemstvo, su suka gina makarantu da asibitocin ƙauye, a cikinsu Lvov ya yi suna. Tun wannan shekarar akwai kotunan da mutanen gari 12 ke zama su ce an yi laifi ko ba a yi ba. A 1913 gwamnatin sarki ta tsaya kai da fata sai an ɗaure wani Bayahude, Mendel Beilis, kan ƙagen kisan yaro a Kiev. Mutanen nan 12, da yawansu manoma, suka wanke shi.

Kwamared Isiya:
Malam ka tsallake lamba ɗaya. Kadet nawa suka samu?

Malam Habu:
Ƙasa da kashi 5. Kujerunsu ba su kai 20 ba cikin sama da 700. A Petrograd da Mosko dai su ne na biyu.

Kwamared Isiya:
To magana ta ƙare. Jama'a sun yi zaɓe, sun ce gurguzu suke so. In ka haɗa SR da Bolshebik da Menshebik ('yan gurguzun da suka raba gari da Lenin) da 'yan gurguzun Yukiren, ina sauran? Masu sassaucin ra'ayin naka 'yan birni ne masu karatu, lauyoyi da farfesoshi, ba su da kowa a ƙauye.

Barista Hauwa:
A'a Kwamared, ka haɗa abu biyu. Faɗuwar jam'iyyar Kadet daban, faɗuwar tsarin daban. Tsarin da ake magana shi ne a yi zaɓe, wanda ya ci ya yi mulki bisa doka, wanda ya faɗi ya koma gida da ransa da jaridarsa ya jira zagaye na gaba. SR sun yarda da wannan. Menshebik sun yarda. Jam'iyyun Musulmi da na Yukiren sun yarda. Da an bar majalisar nan, Rasha za ta zama jamhuriyar tarayya mai gwamnatin 'yan gurguzu, manoma su sami gona ba diyya, Kadet su zauna kujerar adawa suna ƙorafi. Ba hasashe nake ba, a zamanta ɗaya tak ta zartar da dokar ƙasa, ta kira a yi sulhu, ta ayyana jamhuriyar tarayya.

Ga abin da aka yi a maimakon haka. Kwana biyu da karɓar mulki aka fitar da dokar rufe jaridun adawa. Ran 11 ga Disamba aka ayyana Kadet a matsayin maƙiyan al'umma, aka kama shugabanninsu, alhali wasunsu zaɓaɓɓu ne. Ran 20 ga wata aka kafa 'yan sandan ciki na Cheka. Majalisa ta zauna ran 18 ga Janairu 1918, ta zaɓi Viktor Chernov na SR shugaba. Bolshebik suka kawo takarda cewa ta miƙa wuya ga Sobiyet, ta ƙi, suka fice. Wajen asuba wani sojan ruwa, Zheleznyakov, ya zo ya ce wa Chernov a tashi, masu gadi sun gaji. Da 'yan majalisa suka dawo sai suka tarar da ƙofa a rufe da bindigogi. Wajen awa 13 ke nan rayuwarta.

Kokoshkin da ya rubuta dokar zaɓen, da Andrei Shingarev, likitan ƙauye da ya zama minista, an ɗauke su daga kurkuku zuwa asibiti saboda rashin lafiya. A daren da ya biyo bayan rufe majalisar sojojin ruwa suka shiga suka kashe su a kan gado.

Kwamared Isiya:
Kisan nan ba mai kare shi. Amma hujjar Bolshebik ba ta banza ba ce: an rubuta sunayen 'yan takara kafin SR ta rabe biyu. Ɓangaren hagu ya koma wajen Lenin, amma a takardar zaɓe suna ɗaya ne, kuma na dama ne suka cika jerin. Manomin da ya dangwala wa SR, wacce ya zaɓa?

Barista Hauwa:
Tambaya mai kyau, kuma maganinta sananne ne: a sake zaɓe. An sake? Sai da aka yi shekara 70 da ɗoriya kafin Barashe ya sake ganin takarar gaske a akwatin zaɓe. SR ta hagun ma da aka fake da ita, zuwa Yulin 1918 an gama da ita. Sojojin ruwan Kronstadt, waɗanda suka ɗora Bolshebik, a Maris 1921 suka tashi suna neman a sake zaɓen Sobiyet a asirce, aka bi ta kan ƙanƙara aka murƙushe su.

Nafi:
Anti Hauwa, abin da ya ɗaure min kai, mutum miliyan 40 sun yi zaɓe, an rufe majalisarsu a dare ɗaya, ba wanda ya tashi?

Baba Injiniya:
An tashi, jikata, amma ba da yawa ba. Ranar buɗe majalisar dubban mutane sun yi jerin gwano a Petrograd suna goyon bayanta, aka buɗe musu wuta, aka kashe wasu. Maksim Gorky, wanda abokin Lenin ne, ya kwatanta abin a jaridarsa da harbin da sojojin sarki suka yi wa ma'aikata a 1905. Akwai rundunonin da aka yi magana da su su fito da makamai, shugabannin SR suka hana, wai kada a zubar da jini. Ƙauye kuwa ya riga ya raba gonakin masu gandu tun kaka, soja ya kama hanyar gida don kada a raba ba shi. Wanda ya sami abin da yake nema, wuya ne ya sake fitowa don wani gini a Petrograd da bai taɓa gani ba. Da majalisar ce ta ba shi gonar, da labari ya sha bamban. Shi ya sa jinkirin da Hauwa ta ambata ya fi komai tsada.

Kwamared Isiya:
Tunda an karanto laifin nawa ɓangaren, a karanto na ɗaya. A farkon Satumba 1917 babban kwamandan soja, Janar Kornilov, ya tura dakaru Petrograd. Ina Kadet suka tsaya? Ministocinsu suka ajiye aiki, da yawansu zuciyarsu na wajensa. Ma'aikatan jirgin ƙasa da Sobiyet ne suka tare shi, da makaman da Kerensky ya raba, waɗanda ba su dawo ba. Bayan nan, 'yan majalisar da aka kora sun kafa gwamnati a Samara a Yunin 1918, daga baya aka yi ta haɗin gwiwa a Ufa. Wa ya kifar da ita? Ba Lenin ba. Hafsoshi ne a Omsk, ran 18 ga Nuwamba 1918, suka ɗora Admiral Kolchak, Kadet na Sibiriya suna tafi. Ɗayansu, Pepelyayev, har firaministansa ya zama. A Disamba aka fitar da wasu 'yan majalisar daga kurkukun Omsk aka harbe su. To masu kishin dokar nan, da suka ga ƙuri'a ba ta su ba ce, soja suka nema.

Malam Habu:
Duk abin da ka faɗa ya faru. Majalisar nan ta sha duka daga hagu da dama, kuma Kadet da yawa sun zubar da mutuncinsu a yaƙin basasa. Amma ka lura, wannan hujja ce a kan jam'iyya, ba a kan akwatin zaɓe ba. Yankunan daular da suka kuɓuce wa Jar Runduna da Farar Runduna ta su Kolchak duka, me suka zaɓa? Finlan, bayan nata mummunan yaƙin basasar, jamhuriya mai majalisa ta zama a 1919 kuma ba ta sauka daga kai ba. Estoniya ta zaɓi majalisar tsara kundi a 1919, ta raba gandayen manya, abin da ya kamata a yi a Petrograd.

Nafi:
Tambaya ta ƙarshe don Allah. Cikin gwamnatin ba wanda ya ce a tsai da yaƙin nan?

Malam Habu:
Akwai. Ministan yaƙi na ƙarshe, Janar Aleksandr Verkhovsky. A farkon Nuwamba ya gaya wa 'yan majalisar wucin gadi ƙarara cewa runduna ba za ta iya ci gaba ba, ba abinci ba sutura, a nemi sulhu yanzu a ƙwace wa Bolshebik makaminsu. Aka ba shi hutun rashin lafiya aka fitar da shi daga gari. Ba a yi mako ba gwamnatin ta faɗi.

Kwamared Isiya:
To wa ya ba shi hutun, Malam? Ba Lenin ba ne dai.

Barista Hauwa:
Kerensky ne. Shi kuma ɗan SR ne, Kwamared, ɗan gurguzu, naku ne.

Kwamared Isiya:
Barista, kafin nan ai sai da Verkhovsky ya nemi zama da shugabannin Kadet a keɓe, ya zayyana musu halin da runduna ke ciki. Milyukov da Shingarev ne suka fi kowa yi masa ca, suna maganar alkawarin da aka yi wa Ingila da Faransa. Ki duba, za ki gani.